Na Bi Sawun Garmahon Kakana Har Amurka

Kakana na wajen uwa bafatake ne da ke saro goro daga Kumasi, kuma a wata tafiya da ya yi cikin shekarun 1950 ya dawo Kano da wani baƙin akwati mai mariƙi a gefe. Garmaho ne. A cikin murfinsa akwai hoton wani farin kare da ya karkata kai yana leƙen bakin ƙaho, amma ban ga karen nan ba sai da na girma, domin kakata ta liƙe shi da ƙyalle tun ranar farko, ta ce ba za a haɗa mata kare da hoto a ɗaki guda ba. Akwatin ya faɗo hannuna ta hanyar gado. Na yi shekara 31 ina koyar da aikin lantarki a wata kwalejin sana'a, kuma duk shekara sai na faɗa wa sababbin ɗalibai cewa Thomas Edison ne ya ƙirƙiro garmaho. Saboda haka da ɗan ƙanwata, wanda ke tuƙin motar haya a New York, ya gayyace ni ziyara a watan Oktoban 2024, sharaɗi ɗaya na gindaya masa, wato sai ya kai ni wurin da Edison ya yi aiki.

Daga Kano muka tashi zuwa Alkahira, daga can kuma muka yi kusan awa 12 a sama kafin mu sauka a filin jirgi na JFK. Tambayoyin jami'in shige da fice ba su wuce uku ba. A wurin kwastan ne aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama, na amsa gaskiya, nan take kilishin da uwar yaron ta ƙulla masa ya tafi kwandon shara, domin ba a shiga ƙasar da nama irin wannan. Yajin da kukar dai sun tsira.

Masaukina ɗakinsa ne a unguwar Bronx, hawa na huɗu, a wani layi da Hausar Gana ta fi Turanci yawa a bakin shaguna. Washegari ya kai ni gidan abincin wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi, na ci shinkafa da wake da suke kira wace, aka caje mu dala 15 kwano ɗaya. Da na buga lissafi na ga kusan naira dubu 25 ke nan a canjin lokacin, sai cokali ya yi mini nauyi. Yaron ya ce, “Kawu, idan za ka riƙa juya dala zuwa naira, ko ruwa ba za ka sha ba a garin nan.” Na ba Hajiyar labarin kakana, ta ce su ma mahaifinta yana da irin akwatin, kuma ranar Sallah kawai ake fito da shi tsakar gida.

Ranar Asabar da safe muka haye gadar George Washington zuwa jihar New Jersey. Babu shinge, babu mai tsayar da mota, babu mai leƙo kai ta taga. Na ce ashe hanyar kyauta ce, ya yi dariya ya ce a dawowa ne na'urar ɗaukar hoto za ta karanta lambar motar ta cire sama da dala 13 daga asusunsa ba tare da ya rage gudu ba. A wani abu guda kuma jihar ta yi kama da gida: doka ta hana mai mota zuba wa kansa mai, sai ma'aikacin gidan man ya zo ya riƙe bututun. Cikin ƙasa da awa guda muka isa West Orange.

Wurin jerin gine-ginen jan bulo ne a kan titin Main, wanda Edison ya buɗe a 1887 bayan ya bar tsohon ɗakin gwajinsa na Menlo Park, kuma a lokacin da masana'antunsa ke tashe mutum kusan dubu 10 ne ke aiki a kewayen. Yanzu hukumar kula da wuraren tarihi ta ƙasar ce ke riƙe da shi, kuɗin shiga dala 15. Ɗakin karatunsa mai hawa uku da injinan yankan ƙarfe masu bel na fata duk sun burge ni, amma ban daɗe a kansu ba. Bene na sama na nufa, inda aka jera na'urorin magana.

Ta farkon ba ta kai tsawon kamu biyu ba. Wani dunƙulen tagulla ne mai siffar gwangwani, an soke shi da sandar ƙarfe mai zare irin na kusa, da mariƙi a ƙarshe. Makanikinsa John Kruesi ne ya ƙera ta a ƙarshen 1877 daga zanen da Edison ya ba shi. Ana naɗe gwangwanin da siririn fallen kuza, mutum ya kara baki a wani ɗan mazurari ya ɗaga murya yana juya mariƙin. Muryar tana girgiza wani tantani kamar yadda take girgiza fatar kalangu, tantanin yana tura allura, allurar kuma tana lotsa kuzar gwargwadon girgizar. Idan aka mayar da allura farkon layin aka sake juyawa, lotsawar ce ke girgiza tantanin, murya ta dawo. Babu batir, babu waya, babu ko ɗigon lantarki, kuma ni da na ƙare rayuwata a kan lantarki sai na ji wani iri. Na tsaya a gaban gilashin har yaron ya taɓa ni ya ce, “Kawu, mutane na jira.” An ba Edison takardar mallakar ƙirƙirar a ranar 19 ga Fabrairun 1878, a watan Afrilu kuma ya je fadar White House ya gwada wa Shugaba Rutherford Hayes. Sai dai kuzar takan yage bayan an saurara sau kaɗan, shi kuma hankalinsa ya koma kan ƙwan lantarki, ya yi watsi da na'urar kusan shekara 10.

A nan ne wata jami'ar wurin, mai kaki da faffaɗar hula, ta ji ina nuna wa yaron na'urar ina cewa garmaho, sai ta matso cikin fara'a ta gyara mini. Ta ce sunan na'urar Edison fonograf, garmaho kuwa sunan da abokin hamayyarsa Emile Berliner ya raɗa wa tasa ne a 1887. Na ji kunya ta rufe ni, na tuna ɗaliban shekara 31. Berliner Bajamushe ne ɗan garin Hanoba da ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1870, kuma bambancinsa da Edison shi ne ya bar gwangwani ya koma ga abu shimfiɗaɗɗe mai da'ira, inda allura ke kaɗawa hagu da dama a cikin layin maimakon ta yi sama da ƙasa.

Muna saukowa daga benen ne abin ya faɗo mini a rai, cewa amsar tana bakina tun ina yaro. Da Bahaushe ya ga abin da ake ɗora wa akwatin, bai nemi suna a nesa ba, ya dubi abin da matarsa ke rufe ƙwarya da shi ya ce faifai. Ba wanda zai kalli gwangwanin Edison ya kira shi faifai. Da nasa ne ya iso mana, da wataƙila yau gwangwanin waƙa muke cewa, ko gorar waƙa. Sunayen nan biyu, garmaho da faifai, duk na ɓangaren da ya kayar da Edison ne.

Kafin mu fita jami'ar ta kunna wa maziyarta wata na'ura mai gwangwanin kaki. Alexander Graham Bell da abokan aikinsa ne suka fara amfani da kaki a madadin kuza, abin da ya zaburar da Edison ya dawo fagen a 1888. Shi a tunaninsa na'urar ofis ya yi, wadda maigida zai faɗa wa wasiƙa akawu ya rubuta, kuma a jerin amfani 10 da ya lissafa mata kiɗa na huɗu ya zo. Mutane ne suka nuna masa kuskurensa: a 1889 wani ya kafa ta a wata mashaya a San Francisco, ka jefa kwabo ka ji waƙa, kuɗi suka yi ta zuba. Gwangwanin minti 2 yake ɗauka, daga 1908 ya koma 4. Babbar matsalarsa ita ce kwafi. Kafin a gano dabarar zubinsa a 1902, mawaƙi yakan tsaya gaban ƙahoni da yawa ya rera, a sauya gwangwanaye ya sake rerawa, haka har muryarsa ta dushe. Faifai kuwa ana yin uwa ɗaya ta ƙarfe a yi ta buga dubbai kamar hatimi, ga shi ana jera hamsin a inda gwangwani goma ba za su shiga ba, kuma daga baya aka riƙa sa waƙa a fuska biyu. Duk wanda ya taɓa ɗaure kaya a bayan jaki ko a taragon jirgin ƙasa ya san wanne fatake za su ɗauka.

A ɗakin kiɗan da ke saman ginin, mai fiyano da ƙahoni manya da ƙanana, na ji abin da ya fi ba ni mamaki. Edison kurma ne ko kusa da haka tun yana ɗan shekara 12, har yakan ciji katakon fiyano ko na fonograf don sauti ya bi ta haƙora ya isa kunnensa na ciki. Duk da haka shi ne ke zaɓar mawaƙan da kamfaninsa zai ɗauka, shi ke yanke hukuncin wace waƙa za ta fita, kuma ya daɗe yana ƙin a buga sunan mawaƙi a jikin faifai, yana ganin ingancin na'ura mutane ke saya. Da ya haƙura ya fito da nasa faifan a 1912, ya yi shi da kauri, mai allurar daimon da ba a canzawa, kuma a kunnena sautinsa ya fi na sauran tsabta. Amma ba ya kunnuwa a garmahon kowa sai nasa. A ƙarshen 1929 ya rufe sashen faifai baki ɗaya, shekara biyu kafin rasuwarsa. Mun je gidansa na Glenmont, wanda ke cikin wata unguwa mai ƙofa da mai gadi, kuma nan ne kaɗai a duk tafiyar aka tsayar da mu aka duba takarda. Kabarinsa da na matarsa suna bayan gidan, shimfiɗaɗɗun duwatsu biyu a cikin ciyawa.

Da daddare na ce wa yaron tafiya ba ta ƙare ba, tunda ashe gidan da ba shi ba muka yi wa sallama. Ya ce, “To Kawu, ina ne gidan?” Muka bincika a wayarsa, ya sadaukar da aikin kwana biyu.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, muka kama babbar hanyar kudu. Mun yi La'asar a gefen mota a wani zangon matafiya da aka sa wa sunan Edison, ba nisa da Menlo Park, inda yanzu akwai wata hasumiya mai siffar ƙwan lantarki a ka amma babu tsohon ginin, domin Henry Ford mai kamfanin motoci ya kwashe abin da ya rage na ɗakin gwajin ya sake gina shi a jihar Michigan a 1929. Rana na shirin faɗuwa muka shiga Camden, gari mai kango da yawa a bakin kogin Delaware, yana fuskantar dogayen benayen Philadelphia. Yaron ya nuna mini wata hasumiya a kan wani tsohon ginin bulo. Na ɗaga kai, sai ga karen kakana, ƙato, an zana shi da gilashi mai launi a cikin tagar da'ira, ya karkata kai kamar yadda na san shi. Ginin masana'antar Victor ne, kamfanin garmaho da aka kafa a 1901, yanzu an mayar da shi gidajen haya, saboda haka ba mu shiga ba. Na tsaya a bakin titi cikin iska mai sanyi, babbar riga na kaɗawa, ina kallon abin da kakata ta rufe da ƙyalle an ɗaga shi sama da gari guda.

Muka haye gadar Delaware aka karɓi dala 5, muka kwana a wani masaukin bakin hanya kusa da Dover a kan dala 95, ɗaki mai warin tsohuwar taba da na'urar ɗumama ɗaki da ta kwana tana ƙara. Abincin dare burodi ne da kifin gwangwani da shayin da muka taho da shi a fulas.

Gidan tarihin Johnson Victrola ƙaramin gini ne a tsakiyar Dover, kuma ba a biyan ko sisi. Eldridge Johnson, wanda ya kafa kamfanin Victor, a garin ya tashi, aka ga kamar ba zai iya karatun jami'a ba aka tura shi koyon aikin ƙarfe, abin da ya sa na ji shi kamar ɗaya daga cikin ɗalibaina. Garmahon Berliner na farko da hannu ake juya shi, hannu kuwa ba ya tafiya daidai, murya takan ja ta saki. A ɗan shagonsa na Camden, a 1896, Johnson ya ƙera injin sifirin mai araha wanda ake wanawa ya riƙa juya faifai da gudu ɗaya. Mariƙin nan na gefen akwatin kakana ke nan. A 1906 kuma ya lura matan gida ba sa son ƙaton ƙaho a falo, sai ya naɗe shi ya ɓoye cikin kabad na katako mai kyau, ya kira shi Victrola, ya sa masa dala 200. Abin da Edison ya raina shi Johnson ya kama: ya sayi manyan mawaƙa da tsada, irin su Enrico Caruso na Italiya da ya sa wa kamfanin hannu a 1904, ya buga sunayensu ɓaro-ɓaro.

Dattijon da ke zagayawa da baƙi ya wana wata Victrola, ya ɗauko sabuwar allurar ƙarfe daga ɗan kofi ya ɗaura, ya jefa tsohuwar a wani kofin. Ya ce allura ɗaya, fuska ɗaya. Faifan nan na shalak ne, wani ƙaro da ƙananan ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, an cakuɗa shi da garin dutse don ya riƙa cin allurar maimakon allurar ta ci shi, kuma idan bakinta ya dakushe aka maimaita ta sai ta fara kankare layin. Nan na gane dalilin da ya sa faya-fayan kakana suka koma toka-toka suna shuu kamar ruwan sama a kan kwano, domin na tuna kawuna yana wasa allura ɗaya a kan dutse har ta gajarce. Babu maɓallin ƙara murya: idan ana son sauti ya ƙaru sai a buɗe ƙofofin kabad ɗin, idan ana son ya ragu a tura su. Yaron, wanda tun safe yake latsa waya, ya ajiye ta ya je yana buɗewa yana rufewa.

Labarin karen ma a nan na ji shi. Sunansa Nipper, ya mutu a Ingila a 1895, kuma mai zane Francis Barraud ya fara zana shi ne yana sauraren na'urar gwangwani irin ta Edison. Ya kai wa kamfanin da ke sayar da na'urorin Edison a Landan suka ce ba sa so. A 1899 kamfanin garmaho na Landan ya saya a kan fam 100, bisa sharaɗin ya shafe na'urar ya zana garmaho a gurbinta. Daga wannan kamfani ne akwatuna masu tambarin His Master's Voice suka bazu har Ikko da Kumasi, ɗaya ya faɗo hannun wani bafataken goro.

A hanyar dawowa na riƙa lissafa wa yaron abin da ya biyo baya, yawancinsa ma ta hannuna ya wuce a teburin gyara. Faifai mai juyi 78 a minti, irin wanda aka fi sayarwa, kusan minti 3 kawai yake ɗauka a fuska ɗaya, kuma na sha tunanin yadda makaɗanmu, waɗanda kan yi rabin awa a kan waƙa ɗaya ba su gama kirarin ubangida ba, suka matse kansu a wannan ɗan fili. A 1925 aka fara ɗaukar murya da makirfo, a 1948 kamfanin Columbia ya fito da faifan roba mai ɗaukar sama da minti 20 a fuska ɗaya, kamfanin RCA da ya sayi Victor ya mayar da martani da ƙaramin faifai mai juyi 45 a 1949. A ganina kaset ɗin da Philips ta fitar a 1963 shi ne ya fi dacewa da mu, saboda yana jure ƙura da zafi, yana ɗaukar awa guda ko awa ɗaya da rabi, kuma duk mai rakoda biyu ya zama kamfani, kamar yadda duk wanda ya san Ƙofar Wambai a wancan zamani zai shaida. Sai Walkman a 1979, faifan CD a 1982, sannan memori da masu tura waƙoƙi a kasuwar waya. Na ce masa ko ɗan bidiyon da aka turo masa a WhatsApp, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, faifan bidiyo muke ce masa har yau. Ya ce bai taɓa lura ba.

Kafin in taso ya yi mini odar ƙunshin allura 100 ta intanet. A Kano jami'in kwastan ya juya ƙunshin ya tambaye ni ko ɗinki nake yi, na ce na garmaho ne, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani. Kwana biyu da dawowata na sauko da akwatin daga saman kabad, na kakkaɓe shi, na ɗaura sabuwar allura, na fara wanawa. A juyi na goma sha wani abu na ji ƙas daga ciki, mariƙin ya saki, sifirin da ya haura shekara 60 ya tsinke. Wani mai gyaran agogo a Sabon Gari ya ce in ba shi wata guda ya nemo wanda zai shiga. A daren dai na zaɓi faifan da ya fi sauran baƙi, na sa ɗan yatsa a kan takardar tsakiyarsa na riƙa juya shi da hannu, muryar wani maroƙi ta fito da kalangu a bayanta, tana ja idan na gaji, tana sauri idan na ƙara ƙarfi.